Haruffan Shafin Wasanni Sun Yi Kyau, Amma Ina Ƙugiyoyinmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan sabon zubin haruffan da kuka koma amfani da shi a kanun labaran shafin wasanni. Ni mazaunin Garwa ne a arewacin Kamaru. Sana'ata rubutun allon shaguna da buga suna da lamba a bayan rigunan 'yan ƙwallo. Jaridarku takan iso mana ta hannun direbobin Yola, wani lokaci kuma a waya muke karanta ta. Da harafi nake ci nake sha, don haka abin da wani zai wuce bai lura ba, ni sai ya tsaya mini a ido.

Haruffan nan masu kauri, matsattsu, waɗanda suka karkata dama, zaɓi ne na wanda ya san aiki. Na ji wasu dattawa a majalisarmu suna cewa hayaniyar yara ce kawai, ni kuwa ban yarda da su ba. Labarin ƙwallo ba takardar kotu ba ce. Mai gudu ba ya gudu a miƙe, ƙirjinsa yake turawa gaba, ido kuma ya saba da wannan tun ƙuruciya, shi ya sa harafin da ya karkata yake sa mutum ya ji motsi tun kafin ya karanta kalmar. Kaurin yana sa a hango daga nesa. Matsewar kuma ita ke ba ku damar zuba dogon suna irin ABOUBAKAR a layi ɗaya ba tare da an rage masa tsayi ba. Jaridar wasanni ta Faransa, L'Équipe, wadda aka kafa a 1946, sunanta ma da jajayen haruffa masu kauri a karkace take rubuta shi. Sunan Nike da yaranmu suke so a takalma da riguna, daga zubin Futura aka samo shi, wanda Bajamushe Paul Renner ya zana a 1927, aka ɗauki mai kauri matsattse aka kishingiɗar da shi. To ba ku kaɗai ba ne a wannan hanya, kuma ba na neman ku bar ta.

Mutane da yawa sun ɗauka don wasanni aka ƙirƙiro karkataccen harafi, alhali ya girmi ƙwallon ƙafa irin ta yau da ɗaruruwan shekaru. A birnin Benis na Italiya aka fara buga littafi guda da shi a 1501, a maɗaba'ar Aldus Manutius, kuma Francesco Griffo ne ya sassaƙa haruffan a ƙarfe. Rubutun hannu na malaman lokacin suka kwaikwaya, don ƙananan littattafai waɗanda mutum zai riƙe a hannu ya yi tafiya da su. Manyan baƙaƙen ma a tsaye suka bar su, ƙananan kaɗai suka karkata. Sai daga baya masu talla suka gane cewa idan aka haɗa karkata da kauri ana samun wani abu daban, abin da ke kiran mai wucewa.

A wajen maigidana na koyi wannan aiki, Allah ya jiƙansa, tun kafin kwamfuta ta shigo rumfunanmu. A lokacin da tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti muke yanka lamba da reza, mu ɗora a kan riga mu dangwala fenti da soso. Idan za a yi rubutu a karkace, sai ya sa mu fara ja layukan jagora a kan kwali da fensir: duk tsayi biyar, a matsa gefe ɗaya. Da na girma na fara aiki da inji sai na tarar lissafinsa bai yi nisa da na Turawa ba, domin karkatar zubin haruffa na Helvetica digiri 12 ce, tasa kuwa ta ɗan haura 11. Abin da ya fi nanata mana shi ne ba a tura harafi, zana shi ake yi. Ka ɗauki O mai kyau a tsaye ka ture shi gefe da ƙarfi, za ka ga kafaɗa ɗaya ta kumbura ɗayar ta rame, S kuwa sai ta karye a tsakiya. Mai zanen kirki yakan koma ya gyara kowace lanƙwasa da hannu har nauyin ya daidaita. Yau yaro zai buɗe manhajar zane ta CorelDRAW, ya zaɓi zubin Impact, ya ja kusurwa, ya ce ya gama. Impact kuwa, wanda Geoffrey Lee ya zana a 1965 aka fitar da shi a Shafil ta Ingila, ba shi da karkataccen zubi tun asali. Duk wanda ka gani a karkace a kan kyallen gasar hutu, inji ne ya ture shi, kuma idon mai sana'a yana ganewa daga tsallaken titi. Naku ba haka yake ba. Na duba O da S da lamba 8 a kanun labaranku, an zana su ne da gaske, kuma na ji daɗin hakan.

A bayan riga ne nake ja da baya da wannan salo. Duk damina, idan an rufe makarantu aka fara gasar hutu a unguwanni, samarin Yelwa da Rumde Ajiya da Fulɓere sukan zo da rigunansu, kowa yana son lamba mai kaifi kamar ta talabijin. Nakan ce musu suna a karkace babu laifi, amma lamba a bar ta ta ɗan miƙe, a kuma buɗe mata ciki. Lamba don alƙalin wasa aka yi ta, da mai ba da labari a rediyo, da wanda ke zaune can saman benci. Idan 6 da 8 da 9 suka yi kauri har ramin cikinsu ya kusa rufewa, aka kuma kwantar da su, ga riga tana lanƙwashewa a jikin mai gudu, ga gumi, ga ƙura, to katin gargaɗi zai iya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ba banza ba FIFA ta ƙayyade cewa lambar baya ta kai tsayin santimita 25 zuwa 35, kaurin layinta 3 zuwa 5, kuma launinta ya bambanta sarai da na rigar. Tun 1954 kowane ɗan wasa ke riƙe lamba ɗaya daga farkon gasar cin kofin duniya har ƙarshenta, suna a baya kuwa sai a 1994 ya shigo gasar. Lamba ce gaba, suna ado ne da ya biyo ta.

Mu mutanen Garwa mun ga wannan da idonmu a watan Janairun 2022, lokacin da filin Rumde Ajiya ya karɓi rukunin da ya haɗa Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a gasar cin kofin Afirka. 'Yan'uwanmu daga Yola da Mubi da Kano suka cika gari, har masauki ya yi wuya. Ranar da Kelechi Iheanacho ya ci Masar ƙwallo ɗaya tilo, duk wanda ke da injin matsa riga a garin nan bai rintsa ba. An buga koren riga har fatar lamba ta ƙare a kasuwa. Da Tunisiya ta fitar da Najeriya a wannan fili a zagaye na biyu, sai ciniki ya koma kan lamba 10 ta ɗan garinmu Vincent Aboubakar, wanda ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, ya kuma ƙare gasar da ƙwallo 8, fiye da kowa. A waɗannan makonni ne baƙi da yawa suka nemi a rubuta musu kirari da Hausa a kan kyalle da riga, kuma a nan na ƙara tabbatar da abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Ranka ya daɗe, zubin da kuka zaɓa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Babu Ƙ, babu Ɗ, babu Ɓ. Na bi kanun labaranku tun da kuka sauya, na ga hanya biyu kuke bi, kuma duk biyun ba su yi ba. Wani lokaci sai a jefar da ƙugiyar gaba ɗaya, a rubuta KWALLO da DAN WASA da KUNGIYA, alhali a cikin labarin da ke ƙasa an rubuta su daidai. Wani lokaci kuma kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi dabam, sai ka ga Ƙ siririya a miƙe tsakanin haruffa masu kauri da suka karkata, kamar wanda ya tsaya ƙiƙam a sahu bayan kowa ya yi ruku'u. A waya ma akwai ta uku: wani ɗan akwati fanko yakan fito a gurbin harafin.

Na san amsar da ake bayarwa, wai mai karatu zai gane. Babba zai gane, domin ya riga ya san kalmar. Amma shafin wasanni shi ne shafin yara. Ɗan da ba zai taɓa labarin majalisa ba, zai ƙwace jarida don ya ga abin da aka ce a kan ƙungiyarsa. Ku tuna kuma halin da muke ciki a wannan ɓangaren iyaka. Yaranmu da Faransanci ake koyar da su, ba su da darasin Hausa irin na Kano ko Sakkwato. Da baki suka iya Hausa, a gida da kasuwa da makarantar allo. Inda suke ganin ta a rubuce da boko bai wuce jarida irin taku da saƙon waya ba, kuma manyan haruffan kanu su ne suka fi zama a ƙwaƙwalwa. Almajirina a rumfa, yaro mai kaifin basira, ya taɓa yi mini gardama cewa ba a sa ƙugiya a manyan baƙaƙe, hujjarsa kuwa shafinku ce. Sannan ba kullum ake ganewa ba. Kanun labari gajere ne, ba shi da jimlar gaba da ta baya da za su taimaka. Idan aka rubuta KASA, ƙasar da aka wakilta ake nufi ko kasawar 'yan wasa? A shafin ƙwallo duk biyun suna iya zuwa rana ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne magabata sun warware wannan matsala da kayan aikin da bai kai naku ba. Tun 1928 aka fitar da tsarin haruffan Afirka mai ɗauke da ƙugiya, kuma a shekarun 1930 rubutun Hausa ya karɓe su. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, a zamanin da kowane harafi sai an zuba shi da darma kafin a jera. A nan Kamaru an amince da haruffan bai-ɗaya na harsunan ƙasa a 1979, aikin da Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranta, kuma ɓ da ɗ da ƴ da ŋ suna ciki, domin Fulfulde ma da su take rubutu. Nan garin kowa ya san Fulfulde ce harshen kasuwa, don haka duk zubin da ya hana Bahaushe ƙugiyarsa ya hana Bafulatani tasa. Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, ya daɗe da ba wa kowane ɗaya daga cikin haruffan nan gurbinsa. Matsalar ba daga kwamfuta take ba. Masu zana haruffan wasanni ne a Turai da Amurka suke tsayawa a kan harsunan da suke sa ran za su saya, mu kuma muna karɓa ba ma tambaya.

Ba na ce aikin ba shi da wuya ba, domin da hannuna nake yin sa. A ƙaramin harafi, ƙugiyar ƙ da ta ɓ daga saman sanda take lanƙwasowa dama, wajen da harafin ya riga ya karkata, don haka idan ba a rage ta ba sai ta rufe kan harafin ko ta ci karo da na gaba. A manyan baƙaƙe kuwa Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take fita, daidai inda saman harafin baya yake kwantowa. Ka gwada rubuta HAƊA ko ZAƁE ka gani, dole a buɗe tazara kaɗan, amma ba har kalmar ta rabe biyu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manna 'yar siririyar ƙugiya a jikin harafi mai kauri. A takarda sai ta ɓace idan tawada ta yi yawa, a riga kuwa ita ce ke fara ɗagowa. Mukan matsa fatar lamba da zafi wajen digiri 150 na 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk inda aka bar tsini siriri, wanki kaɗan ne zai ɓamɓare shi, musamman a hannun masu wanki da ke buga kaya a dutsen bakin Binuwai. Ƙugiyar kirki sai ta kusa kai kaurin sandar harafin, gajeriya, bakinta a datse, kuma a yanke datsin a kan kusurwar da sauran haruffa suka karkata. Haka ma alamar da ke gaban 'YAN WASA. A matsattsen zubi takan manne da Y har ta zama kamar datti, ita ma tana son a ba ta kauri da wurinta.

Akwai kuma inda ba na so in ga wannan zubi ko da an gyara shi. Harafin da ke ihu bai dace da labarin rasuwa ba. Mu a Kamaru ba mu manta da 26 ga Yunin 2003 ba, ranar da ɗan wasanmu Marc-Vivien Foé ya faɗi a fili a Liyon muna wasa da Kolombiya, bai sake tashi ba. Ba mu manta da turmutsitsin ƙofar filin Olembe a Yawunde ba, ranar wasanmu da Komoros a 2022, inda mutum 8 suka rasu. Irin wannan labari a shafin wasanni yake fita, amma a ba shi harafi a tsaye mai natsuwa. Na ga kun yi amfani da zubi ɗaya ga cin kofi da ta'aziyyar wani tsohon mai horarwa, abin bai yi mini daɗi ba. Maigidana ko sanarwar sadakar uku ba ya yarda a karkatar.

Wani abu kuma, tunda kuna da masu karatu har Kusiri da Injamena. Cadi da Faransanci da Larabci take aiki, don haka masu kawo mini aiki daga can sukan so rubutu biyu a kyalle ɗaya. Karkata dama tana nuna gaba ne ga boko, domin daga hagu muke tashi. Larabci da ajami daga dama suke tashi, idan aka ture su tare da boko sai su zama suna jan baya. Idan wata rana kuka sa ajami a kanu, ku bar shi yadda yake, kaurin alƙalami ya ishe shi.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, kuma gyaran nan bai fi ƙarfinku ba. Haruffa takwas ne kacal: Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ da ƙanananansu, idan kuka ƙara Ŋ da ŋ don Fulfulde su zama goma. Kuna iya komawa ga wanda ya sayar muku da zubin ku ce ya zana su, tunda kuɗi kuka biya. In ya ƙi, akwai zubin da aka saki kyauta da lasisin da ya yarda a gyara a ƙara, irin lasisin OFL na cibiyar SIL, wadda ke da reshe a Yawunde ma. Kafin a yi wannan, Noto Sans na Google yana da haruffanmu duka, yana da mai kauri sosai, matsattse, a karkace. Bai kai naku zafi ba, na yarda, amma ya fi KWALLO. Abin da zan fi so shi ne ku nemi matashi mai zane a Kano ko Zariya ko Yola ku ba shi aikin ya zana muku naku tun daga tushe, wanda aka fara da Ƙ da Ɗ tun ranar farko, ba a liƙa su daga baya ba. Ranar da aka samu irin wannan, mu masu buga riguna za mu saya, masu allon shaguna za su saya, ƙungiyoyin ƙwallo daga Agadas har Ngawundare za su nema.

Kafin ku karɓi kowane zubi, ku sa mai tsara shafi ya buga wannan layi da manyan baƙaƙe da ƙanana, ya fitar a takarda, ya kuma duba a waya: Ƙungiyar 'yan ƙwallo ta zaɓi ɗan wasa ɗaya. Idan harafi ɗaya ya miƙe, ko ya rame, ko ya ɓace, a mayar wa mai shi. Ina da zanen haruffan goma da na yi a kwali, kowane a karkace a kan tsayi biyar gefe ɗaya. Idan mai tsara shafinku yana so ya gani, ku sanar a wannan fili, zan ba direban Yola ya kai muku.

Ina kuma roƙon ku riƙa kawo sakamakon gasar Kamaru ko da layi biyu ne. Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta yi 2 da 2 da Al Ahly a nan Garwa bayan an ci ta 2 da nema a Alƙahira, kuma magoya bayanta da yawa Hausa suke ji.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naka,
Mai rubutun allo da buga riguna,
Garwa, Kamaru.